Littafin da Inna Ba Ta Ƙarasa Ba

Illela,
9 ga Yuli, 2024.

Zuwa ga aminiyata Na'ima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara, da aikin ɗakin karatu. Ya ruwa a Sakkwato? Mu nan an yi mai ƙarfi shekaranjiya, gero ya miƙe a gonarmu ta Araba. Na gode da zuwanki ta'aziyyar Inna, da kwana ukun da kika yi kina wanke-wanke kamar ba baƙuwa ba. Allah ya bar zumunci.

Na san za ki yi mini dariya, wasiƙa a zamanin waya. Ki yi dariyarki ki gama. Kin san gidanmu, ko tari ka yi a ɗaki sai an ji a zaure, kuma maganar da zan yi ba na son Baba ya ji. Direban da ke zuwa tasharku ya ce zai miƙa miki.

Tun da aka yi sadakar arba'in Baba bai taka kasuwa ba. Mutumin da ko zazzaɓi ba ya hana shi zuwa rumfar albasarsa ranar Lahadi, yanzu abokan cinikinsa na Ƙonni suna zuwa har ƙofar gida, ya ce a ce musu yana hutawa. Tuwo loma biyu, fura kurɓi ɗaya. Rigunansa duk sun yi masa yawa. Likita ya ce ba shi da ciwon komai sai rashin ci, kuma in aka ci gaba a haka sai an kwantar da shi kafin ƙarshen damina. Na'ima, tsoro nake ji kada in rasa su biyu a shekara ɗaya. Shi ya sa na roƙi maigidana Bashar ya bar ni in zauna a gida tukuna, ya kuwa amince.

Mutane suna ƙoƙari, Allah ya saka musu. Duk wanda ya zo sai ya kawo wa Baba littafin wa'azi a kan haƙuri da mutuwa. Yana karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya ɗora a kan taga. Abin da ke cikinsu ya sani tun kafin a haife ni.

Jiya da hantsi ina shara, sai ya kira ni. Bai kalle ni ba, ya tambaye ni ko yarinyar nan ta littafin Inna ta samu ta ƙetare kogin. Na tsaya da tsintsiya a hannu kamar sokuwa. Kin san bayan aurena Inna ta ɗauki al'adar karanta wa matan unguwa labari da la'asar a tsakar gida, waɗanda ba su yi boko ba. Kin kuma san Baba da littattafan nan: aikin banza yake kiransu, ɓata lokacin mata. Ashe shekara goma yana ajiye kujerarsa a gindin dogon yaron da ke bayan katanga, da rediyo a cinya wadda bai kunna ba, yana saurare. Inna ta kwanta ciwo tana tsakiyar wani labari, shi ne ya tsaya masa a rai.

Na tashi neman littafin, babu shi. Kwandon littattafan Inna ba wanda ya ɗauke shi a matsayin kayan gado, a cikin kwana bakwai na makoki kowa ya zari wanda ya ga dama. Matan da na tambaya ba su san sunansa ba, don bangonsa ya daɗe da yagewa, littafin Ummu kawai suke ce masa. Gwaggo Yelwa, aminiyar Inna, wadda ita ce za ta fi sani, ta tafi Darna zaman jegon 'yarta.

Ga abin da na tatso daga bakin Baba da ƙyar. Ummu 'yar mai fito ce, ubanta yana ƙetarar da mutane a kwalekwale. Wanta ya tafi ci-rani bai dawo ba, ta fita nemansa. Akwai kuma wani mai albasa, mai taurin kai da faɗan tsiya, wanda kullum yana ce mata ta koma gida, amma shi ke bin bayanta yana taimakonta a ɓoye. Da Baba ya zo kan mutumin nan har muryarsa ta ɗan tashi, ya ce shi kaɗai ne mai hankali a duk littafin.

Don Allah ki sa cigiya a zaurenku na masu karatu a waya. Ke ce uwar littattafai, tun muna makaranta kike karatu a bayan littafin lissafi. In akwai wanda zai gano shi, ke ce.

Ki gaida kowa da kowa.

Taki har kullum,
Tayyiba.

Illela,
4 ga Agusta, 2024.

Na'ima 'yar'uwa,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan jikin ƙaramarki ya yi sauƙi, Allah ya ƙara afuwa. Kwalin ya iso lafiya, ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba. Ni da na roƙi littafi ɗaya, sai ga tara! Ban san da wane baki zan gode wa mutanen nan ba. Ba su san ni ba, ba su san Baba ba, amma kowa ya cire nasa daga kan kanta ya aiko, wasu har da 'yar takarda a ciki ta addu'a ga Inna. Na yi kuka a kan kwalin nan, ba zan ɓoye miki ba.

Na fahimci abin da kika ce, ba wanda ya gane labarin, shi ya sa kowa ya aiko da wanda yake ganin ya yi kusa ko zai ɗebe wa dattijo kewa. To ga rahoton da kika nema, ki kai musu.

Na fara da labarin binciken kisan kai wanda ɗalibin nan na Zariya ya aiko. Ina zama a bakin zaure in karanta, Baba yana kishingiɗe. Shafi shida muka yi ya ce direban ne ya kashe, in rufe. Na leƙa ƙarshe a ɓoye, wallahi direban ne. Waƙoƙin baiwar Allah ta Maraɗi sun yi daɗi, ni na riƙe su, amma shi sun tuna masa abin da muke gudu, sai na daina. Tarihin fatake na malamin Katsina ya saurara har rabi, ya ce kakansa ya bi hanyar nan da jakuna. Na soyayyar guda biyu ko buɗe su bai bari na yi ba, da ya ji sunayen 'yan matan ya ce ba su ba ne.

Amma wanda ya aiko da ɗan littafin noman albasa da ajiyarta, ki nemo mini shi ki ce na gode sau dubu. Na san kalmar albasa kawai ya gani a cigiyar ya yi ta maza. Da na karanta wurin da aka yi bayanin yadda ake jera ta a rudu, gadon karan nan da ake ajiye albasa a kai, Baba ya tashi zaune. Ya ce wanda ya rubuta wannan bai taɓa kwana da albasa ba, in aka bi shawararsa kafin wata biyu rabi ta ruɓe. Ya yi ta bayani, hannu yana tashi, yana nuna mini tsayin da ake ɗaga rudun daga ƙasa don iska ta ratsa. Ina ganin haka na tura masa kofin kunu kusa da gwiwa. Ya shanye tas yana faɗa, bai ma san ya sha ba.

Sai dai kada in yi miki ƙarya, abin bai ɗore ba. Washegari ya koma shirunsa. Duk littafin da na ɗauko yana ba shi shafi biyu ko uku, ya girgiza kai. Yaya Sufyanu yana ta matsawa a kai shi asibiti a Sakkwato, na roƙe shi ya ƙara mini mako uku.

Wannan hajiyar ta Gusau da kika ce tana da wani tsohon littafi kashi uku, mai Ummu da kwalekwale amma babu mai albasa, ina jin ba shi ba ne, don Baba ya fi ambaton mutumin nan a kan Ummu kanta. Duk da haka ki roƙe ta ta ara mana. Zan kula da shi, in mayar mata yadda ya zo.

Sauran littattafan matan unguwa sun gani sun maƙale, wai in zauna a wurin Inna in karanta musu. Na fara, kunya kamar ta kashe ni. Ki tambayi masu su ko za su bar mana su zuwa ƙarshen wata.

Ki gaida maigida, ki shafa mini kan yara.

Taki,
Tayyiba.

Illela,
1 ga Satumba, 2024.

Aminiyata Na'ima,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kuna lafiya kamar yadda muke a nan. Ki lura na ce muke, har da Baba. Ki nemi wuri ki zauna, wannan wasiƙar da ɗan tsawo.

Littafin hajiyar Gusau shi ne. Layin farko na karanta Baba ya ɗaga kai. Ya san sunan kogin, ya san sunan wan Ummu tun ban kai wurin ba. Na ce alhamdu lillahi, an gama. Kwana biyu muna karatu, muka cinye kashi na ɗaya muka shiga na biyu, sai na ga fuskarsa tana canzawa. Ya ce ina tsallake shafi. Na rantse ba na tsallakewa. Ya karɓi littafin ya sa tabarau, ya bi layi-layi da yatsa da ɗan bokonsa na yaƙi da jahilci, tun hantsi har azahar yana neman mai albasa. Babu shi, ko sau ɗaya. Ya miƙo mini littafin ya ce an kawo na jabu, ya shige ɗaki. Ranar ko ruwan kunun bai taɓa ba. Na kira Yaya Sufyanu na ce na haƙura, ya nemo mota.

Ranar Alhamis Gwaggo Yelwa ta dawo daga Darna, ta shigo gaishe mu. Na zayyana mata komai. Na'ima, matar nan ta yi dariya har ta riƙe ciki, daga nan dariyar ta koma kuka. Ta ce ai babu littafin da ke da mai albasa, amma duk littafin da Inna ta karanta musu mutumin nan yana ciki. Tun makon farko Inna ta hango ƙafafun Baba ta ramin da ruwa ke fita a gindin katanga. Ba ta ce masa komai ba, don ta san in ya gane an gan shi ba zai sake zama ba. Sai ta fara saka shi a labari. Ko labarin sarakuna ne, ko na 'yan birni, sai wani mai albasa ya ɓullo, ya yi faɗa, ya ce aikin banza ake yi, sannan ya taimaki mutane a ɓoye. Matan duk sun sani, suna toshe baki da gyale kada dariya ta fita. Da na je cigiya ba su faɗa mini ba ne don sun yi wa Inna alkawarin rufe bakinsu.

Na ce wa Gwaggo ni ba zan iya faɗa masa ba. Ta ce ita za ta iya, tare suka tsufa. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗakinsa daga waje, ta gaishe shi, ta faɗa masa duka ba ta rage ba. Ta ƙara da abin da ni ma ban ji ba sai a lokacin. Wai ana saura kwana kaɗan Inna ta kwanta, ta ce musu ta gaji da barin bawan Allahn nan a waje. A kashi na uku, in Ummu ta ƙetare kogi, za ta sa mai albasa ya shigo cikin gida ya zauna kamar kowa, ko mai shi zai gane.

Can muka ji Baba yana kuka, irin wanda bai yi ba ko ranar jana'iza. Gwaggo ta ja hannuna muka koma madafa muka bar shi.

Washegari da la'asar mata sun taru, na buɗe kashi na uku. Sai ga Baba ya fito da kujerarsa a hannu. Ya nufi ƙofar waje kamar yadda ya saba, ya tsaya, sannan ya juyo ya ajiye ta daga ciki, a gefen randa, ɗan nesa da tabarmar mata. Ba wadda ta ɗaga kai, Allah ya yi musu albarka. Na fara karatu. Ummu ta ƙetare, ta sami wanta da rai. Da aka tashi Baba ya tambaya ko akwai sauran tuwon rana. Na zuba masa, ya cinye, ya ce miyar ba gishiri.

Yau Lahadi, kabu-kabu ya kai shi kasuwa. Awa biyu kawai ya yi, ya dawo yana faɗan an jera masa buhuna ba daidai ba. Yaya Sufyanu ya sallami mai motar.

Ga littafin hajiya na dawo da shi, na yi masa sabon bango, da ƙullin albasa da Baba ya zaɓa da hannunsa a kai mata. Ki karanta wa mutanen zaurenku wannan wasiƙar in kin ga dama, su san abin da suka yi. Ke kuwa ba ni da abin da zan ce miki, sai dai Allah ya jiƙan iyayenki, ya ba ki masu yi miki irin wannan.

Kuma ki sake tambayar su mene ne mai daɗi, kowane iri ne muna so. Baba ya ce a samo na tafiye-tafiye, matan sun ce na soyayya, ni ina son ƙarin waƙoƙi. Jiya mun koma kan tarihin fatake, na yi ƙarfin hali na saka mai albasa a cikin ayari, na sa shi yana yi wa madugu faɗa a kan ɗaurin kaya. Baba ya bari na kai aya, sannan ya ce mutumin nan ba haka yake magana ba, ban san shi sosai ba tukuna, amma in ci gaba.

Ki gaida maigida da yara. Baba ma ya ce a gaishe ki, da sunanki ya faɗa.

Taki mai godiya,
Tayyiba.