Tsakuwoyin Kabarin Baba Uzairu

Inuwa Labaran,
Tsohon shugaban majema,
Challawa, Kano.
19 ga Fabrairu, 2007.

Zuwa ga Mai Girma Shugaba,
Kwamitin Kula da Filayen Masana'antu,
Kano.

Yallaɓai,

GAME DA: SHIRIN TONE KABARIN MARIGAYI EZRA ANTEBI

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin gabatar muku da kukana kamar haka.

1. Marigayi Ezra Antebi, wanda muke kira Baba Uzairu, Bayahude ne mutumin Halab ta ƙasar Siriya. Ya zo Kano yana saurayi, ya fara sayen ƙiraga a Bompai, daga bisani ya kafa kamfanin jima a Challawa. Shekara goma sha ɗaya yana shugabantar masu masana'antun yankin. Asibitin sha-ka-tafi da matanmu ke haihuwa a ciki, shi ya yi ta zarya har aka gina. Ba zan ce muku waliyyi ne ba. Faɗa gare shi kamar zakara, ni kaina sau biyu yana korata, sau biyu yana aikowa a dawo da ni. Amma da azahar ɗin Juma'a yake kashe injuna sai Lahadi, mu yi Juma'armu, ya yi Asabar ɗinsa, kuma bai taɓa tambayar kowa dalilin addininsa ba.

2. Ya rasu ranar Laraba, 14 ga Maris, 2001. Ya bar wasiyya cewa ƙasar da ta ciyar da shi ita za ta ci shi. Aka binne shi bayan kamfani, gindin darbejiya, cikin farin likkafani babu akwati, kamar dai namu. 'Yarsa tilo, Rahila, ta zo daga Landan ta ɗora farar tsakuwa a kan kabarin. Ta bayyana mana cewa al'adarsu ke nan: tsakuwa shaida ce kawai cewa wani ya zo, ba a manta da mamaci ba. Sannan ta damƙa mini amanar wurin a gaban ma'aikata, na karɓa. Alkawari kuwa kaya ne.

3. Tun daga ranar, duk wanda ya tuna shi sai ya ɗora tasa. Wata Uwani, wadda ta haifi tagwaye a asibitin nan, biyu ta ɗora. Cikin shekara shida tarin ya kai gwiwa.

4. Ranar Litinin, 12 ga Fabrairu, leburorin sabon kamfanin da ya sayi wurin suka kwashe tsakuwoyin da shebur, suka juye a injin kwaɓa siminti, aka yi daɓen ƙofar shiga da su. Da na je wajen manaja, sai ya ce tsafi muke yi, ya sa mai gadi ya fitar da ni. Yallaɓai, shekarata sittin da takwas, ni nake kiran salla a masallacin unguwarmu. Ba mu taɓa roƙon komai a kabarin nan ba. Maganar ta yi mini ciwo, amma ganin tirela tana taka ziyarar mutane ya fi yi mini ciwo.

5. Yanzu an shafa wa darbejiyar jan fenti, alamar za a sare ta. An ce ranar Litinin, 5 ga Maris, katafila za ta shiga don a gina sito. Rahila kuwa ta rubuto cewa tana tafe ranar 14 ga Maris tare da ɗanta, wanda bai taɓa ganin kabarin kakansa ba. Na kasa ba ta amsa.

Saboda haka ina roƙonku da ku dakatar da aikin kafin ranar 5 ga Maris, ku kuma ba da umarnin a keɓe taku goma kacal a gindin bishiyar. Mu tsofaffin ma'aikata za mu kewaye shi da hannunmu.

A cikin ambulan ɗin nan za ku ga farar tsakuwa guda. Ta Rahila ce, ita kaɗai na tsinto daga bakin shebur. Idan kun amince da roƙona, ku zo ku mayar da ita inda take. Idan ba ku amince ba, ku bar ta a kan teburinku, domin ni ban san inda zan kai ta ba.

Allah ya yi muku jagora, ya ƙara girma.

Naku mai biyayya,
Inuwa Labaran.