Ƙwayoyin Yashi da Rijiyar Mama

Córdoba, Ajantina

Zuwa ga yayana Anselmo,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali, a cikin wannan sanyi naku na kudu. Allah ya ƙara lafiya. Na leƙa gida kwanan baya. Mama tana nan da ƙarfinta, sai dai tabon tafin hannunta ya ƙaru. Likita ya ce gubar ruwan rijiyarmu ce dai har yanzu, ita kuwa ta ce ruwan da ya raine mu ba zai kashe ta ba.

Ka ce in bar wasa da yashi in zo in kama aiki a kamfaninku. Na gode, Yaya, amma ba zan zo ba. Ƙwayoyin silika, sinadarin da ke cikin yashi, nake haɗawa, ƙanana da ido ba ya gani, in lulluɓe su da maganin da ke cafke guba. Kowa a barasa yake haɗa su, ni kuwa na nace sai a ruwa, don ya yi araha ga mutanenmu. Wata da watanni ina leƙa madubin ƙara girma, ba na ganin komai sai curi kamar kunu ya yi gudaji. Har shugabarmu, Dakta Ferreyra, ta ce in shekara ta ƙare ba su fito a mulmule ba, za a rufe aikin. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba.

Ran nan muna zagayen shan mate, shayin ganyen nan namu, sai Nahuel, abokin aikina, ya kashe mini injin da ke juya haɗin, wai ƙararsa ta hana shi jin musun ƙwallo. Na ce masa uban surutu, ya kashe ni ya huta! Ya ce 'yar ƙauye, ko mate ba a juya shi, in zauna in karɓi nawa. Da na koma na duba kwalbar haɗin, Yaya, sai ga ƙwayoyin reras, mulmulallu, kansu ɗaya. Ashe juyawar da nake yi ce ke hana su zama. Na sake gwadawa, suka sake fitowa.

Na zuba su a ruwan da na ɗebo daga gida. Gubar ta ragu, amma ruwan bai kai a sha ba tukuna. Ina nan a kai, ba inda za ni sai ranar da na miƙa wa Mama kofin ruwan nan babu guba a ciki.

Ka gaishe da matarka Griselda, da su Lautaro da Ayelén.

Ƙanwarka,
Zulema