Azumin da Likita Ya Sa Yaya Ɗan'azumi

Zuwa ga matar yayana, Lantana, a Kurmin Kogi.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da yara, da makwabta. Yaya aikin masara? Allah ya sa an samu hasken rana.

Mun iso Legas lafiya, mijinki na nan da halinsa. Hoton zuciyar da aka turo mu mu yi, ga yadda na gane shi. Wani gefen zuciyar Yaya ya daina motsi. Likitoci suna so su san ko mutuwa ya yi, ko kwanciya kawai. In da rai za a yi masa aiki. In ya mutu, sai mu dawo da ƙwayoyin magani. Ana zuba wani sukari na musamman a jini, naman da ke da rai ya ci, ya haska a na'ura. Mai ciwon sukari irin Yaya kuwa sai an daidaita jininsa tukuna.

Wata ma'aikaciya mai guntuwar Hausa ta ce masa ranar hoton ya yi azumi. Yaya kuwa kin san sunansa. Ya tashi kafin asuba ya yi sahur irin na mai shirin huɗa, da kunu da ragowar tuwo, ya kuma kame bakinsa daga ruwa. Ita kuwa nufinta ya kwana bai ci komai ba, ruwa kuma ya sha yadda yake so. Da aka gwada jininsa, sukarin ya hau sama. Maganin hoton, wato sukarin nan na musamman, ba ya kwana, haka ya lalace. An ɗage mu zuwa Alhamis. Numfashinsa kuma sai ƙara gajarta yake.

Ki gaida Ummuhani. Naki,
Yahuza

Zuwa ga Lantana.

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya ƙafar taki? Na ji an yi ruwa a Ikara har da Taba.

Wannan karon bai yi sahur ba, ni na kwana kusa da kwanon. Abin da ban iya tsarewa ba shi ne niyya. Da ya ga Alhamis ce, kuma ga yunwa a banza, sai ya ɗaura azumin nafila don kada ta tafi ba lada.

Da safe aka gwada jini, aka ce ya yi daidai. Sai ga kofin ruwan sukari, abin da kika shekara da shekaru kina ɓoye masa, wai ya sha, sannan a bi shi da allurar insulin don zuciyar ta buɗe baki ta karɓi maganin. Ya ƙi. Magani na can yana rage ƙarfi, likita na duban agogo. Na tuna masa cewa nafila ana rama ta, amma ban taɓa jin wanda ya rama zuciya ba. Ya harare ni, ya yi bisimilla ya shanye. Na lura bai bar ko ɗigo ba.

Hoton ya fito. Gefen nan ya haska, ba duka ba, amma mafi yawansa. Likita ya ce bai mutu ba, jini ne ba ya isa gare shi, shi ya sa ya rage aiki yana lallaɓawa. Za a yi aikin buɗe masa hanya.

Yaya ya daɗe yana kallon hoton. Daga baya ya ce in rubuta miki cewa ashe ita ma azumi take yi, kuma ta fi shi haƙuri. Ki taya mu addu'ar shan ruwa lafiya.

Ƙanin mijinki,
Yahuza