Na ƙara wa maganin jikana ruwa, laifin ya faɗa kan surukata

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da duk masu karatu. Ina gaishe ku, ina yi muku fatan alheri. Don Allah a ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma ba na gaskiya ba ne. Kuma kafin ku zage ni ku daure ku karanta har ƙarshe, domin zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni dattijuwa ce a wani ƙauye na ƙasar Rano. Ina zaune a gidan ɗana na fari, da matarsa Maryam da ɗansu Abba, wanda nake kira angona, bai cika shekara uku ba. Da daminar nan yaron ya kwanta da zazzaɓi da tari, numfashinsa yana fita sama-sama. Uwarsa ta kai shi asibiti, aka ce limoniya ce, wato ciwon huhu, aka ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta, irin na gari a kwalba. Ta dawo ta durƙusa a gabana tana maimaita abin da malamar asibiti ta ce: a tafasa ruwa a bari ya huce, a zuba daidai layin da ke jikin kwalbar, a girgiza kafin a ba shi, a auna da ɗan murfin awonsa, ban da cokalin shayi, kuma ko yaro ya tashi yana gudu sai an cika kwanakin da aka faɗa. Na ce, "Maryam, ni da na raini bakwai za ki koya wa ba da magani?" Ta yi dariya ta ce, "Inna, ai saƙo aka ba ni." Da yake tana koyarwa a Islamiyya, kuma ɗakina ya fi sanyi, sai aka ajiye kwalbar a gindin randata, ni ke ba shi na rana.

Ina da ƙawa, zan kira ta Laure. Tare muka yi tallar ƙosai muna 'yan mata, ita ce babbar ƙawata ranar aurena, ita ta kama mini wankan mahaifiyata ranar da ta rasu. Wace ce za ta yi maka wannan ka hana ta abu? Angona ya fara samun sauƙi ke nan, har yana bin akuya a tsakar gida, sai ga Laure ta shigo fuska a yamutse. Ta ce jikanta Sani na kwance jiki kamar garwashi, ubansa ya tafi neman kuɗi kudu, ba ta da ko na mota. Ta dubi gindin randa ta ce, "Ƙawa, ɗiba mini kaɗan. Dubi angon naki, wannan ai ya warke, sai dai ki nemo masa amarya." Na ce an ce sai ya shanye. Ta ce, "Mu da muka raini yara da ragowar maganin maƙwabta, wanne ya mutu?" Gaskiya ne haka muka taso, kwalba ɗaya takan zaga gida uku, kuma muna ganin zumunci ne. Na tsiyaya mata kusan rabi a wata kwalba. Da ta fita sai tsoro ya kama ni, kada Maryam ta ga ya ragu. Na ɗebo ruwan randa na cika shi daidai inda yake.

Da yamma Maryam ta ɗaga kwalbar ta ce, "Inna, kamar maganin nan ya tsinke." Na ce zafin gari ne. Ta auna ta ba shi. Haka yarinyar nan ta ci gaba da auna wa ɗanta jan ruwa a kan lokaci, ba ta tsallake ko sau ɗaya ba, ni kuwa ina kallo. Ba a rufa mako ba zazzaɓi ya dawo fiye da na farko, haƙarƙarinsa yana lotsawa in ya ja numfashi, ko kunu ya ƙi karɓa. Aka kwantar da shi a asibiti a Rano, aka sa masa robar iska a hanci, ana ta allurai. Malamar asibiti ta ce a kawo kwalbar ta gani. Tana dubawa ta ce, "An ƙara wa wannan ruwa. Maganin da aka tsinka ba ya kashe cuta, sai dai ya kwantar da ita ta taso da ƙarfi. Wa ya haɗa shi?" Maryam ta ce ita ta haɗa. Ɗana ya juyo ya dube ta. Ina tsaye a wurin, na bari laifin ya faɗa kanta. Allah Ya tashi kafaɗar yaro, amma muna dawowa gida uban ya ce ta tafi gidansu a Unguwar Gai, sai ya neme ta. Da mata suka zo sannu, muryar Laure ta fi ta kowa: "Yaran zamani ba su san reno ba, sai latsa waya." Na ɗauka tana rufa mana asiri ne mu biyu.

Abin da nake rarrashin kaina da shi shi ne, ko ba komai na ceci ɗan wani. Sai a wajen wani suna na haɗu da surukar Laure, uwar Sani. Na ce, "Ya jikin Sani?" Ta ce, "Wane jiki, Inna? Ai Sani yana Rurum wajen kakansa tun farkon damina, ko mura bai yi ba." Na ce, maganin da na ba da fa? Ta ce, "Au, jan maganin nan? Ai kajinta ta zuba wa a kasko, mura ta shiga musu."

Kaji, jama'a. Numfashin jikana na raba da kaji.

Ban tsaya cin tuwon suna ba, na wuce gidan Laure. Na ce, "Laure, ki ji tsoron Allah, ki zo mu je mu faɗa wa yaron nan gaskiya, a dawo da yarinyar mutane." Ko kunya ba ta ji ba. Ta ce, "Da na ce miki na kaji ne za ki ba ni? Ni roƙa na yi, ke kika zuba ruwa. In kika kira sunana, wallahi cewa zan yi ban san zancen ba." Sannan ta nuna mini kajin suna ta tono, ta ce sun ma tashi. Wannan ce matar da na ci tuwo kwano ɗaya da ita tun kafin a haifi ɗana? Me na yi mata? Da ta roƙe ni kuɗin maganin kaji, da ban sayar da geron ɗakina na ba ta ba?

Na san cin amanar da ta yi mini ba ya wanke wadda na yi. Jiya na kira Maryam a waya wai in gaishe ta. Bayan gaisuwa ta ce, "Inna, Abba yana cin abinci?" Na ce yana ci. Sai ta ce, "Ni na san ban ƙara ruwa ba, kuma na san inda kwalbar take kwana. Amma ke uwa ce, ba za a ji daga bakina ba."

Ranar Juma'a mahaifinta da kawunnan ɗana za su zauna, kuma ɗana ya ce shi ya gama yanke shawara, ba zai zauna da matar da ta yi wasa da ran ɗansa ba. In na yi magana, da wane ido zai sake duban uwar da ta tsaya a asibiti ta bari aka ɗora wa matarsa? In kira sunan Laure ta ƙaryata ni a gaban maza, ko in ɗauka ni kaɗai? In kuma na yi shiru, angona da ke tsayawa a bakin zaure kullum yana tambayata yaushe Ummansa za ta dawo, me zan ce masa?

Don Allah ku ba ni shawara kafin Juma'a. Me zan yi?