Sunan Rabi da Jan Rubutu

Talata da dare, unguwar Briqueterie

Alhamdu lillahi, 'yata Rabi ta sauka da la'asar. Namiji, jikana na fari! Ni na yi masa kiran salla a kunne. Har masu gadin asibiti sai da na raba musu goro.

Da na je tambayar ɗakin da aka kai ta, nas tana duba kwamfuta, sai idona ya faɗa kan jerin sunaye. Duk baƙaƙe ne, sirara. Na Rabi kaɗai ne ja, mai kauri. Shekara uku na yi a makarantar dare da furfurata, na san malam ba ya ɗaukar jan biro sai abu ya ɓaci.

Na ce, "Madam, me ya sa wannan ya yi ja?"

Ta ce, "Au, Papa, ashe kuna karatu?" Ta juya kwamfutar wajenta. Ta ce injin ne ke rina sunan duk wadda jininta ya yi ƙasa. An sa wa Rabi ledar jini ɗaya, ta biyu sai mun kawo mutum biyu sun bayar da safe.

Na naɗe hannun riga. Ta dubi katina, ta ce shekaruna sun wuce.

Mijin Rabi yana hanya da babbar mota, bai baro Ngaoundéré ba. Na dawo gida, ban faɗa wa matata Hajiya ba. Tana tsakar gida tana karɓar barka, ina jin dariyarta daga nan.

Ban taɓa roƙon kowa a unguwar nan ba. Gobe bayan sallar asuba zan tsaya a ƙofar masallaci in tare samarin mahauta ɗaya bayan ɗaya.