Ƙarshen da Ebikeme Bai Ji Ba

Akassa, ranar Laraba

Zuwa ga yayata Tokoni,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya ƙafar Mama? Allah Ya sa kumburin ya sauka. Don Allah kada ki karanta mata wannan.

Yaya, 'yan fashin ruwa sun kama mijina. Ebikeme yana dawowa daga kasuwar Nembe a jirgin garin rogo suka tare su. Sun kwashe kaya, sun saki kowa, shi kaɗai suka riƙe. Mutanen Mama Doubra ne, matar nan da ake tsorata yara da sunanta.

Abin da ya ɗaure mini kai, ba su nemi fansa ba. Jiya ina bandar kifi wani mai ido ɗaya ya tsayar da kwalekwale a gaɓarmu, ya ce, "Ke ce matar mai surutu? Mama Doubra ta ce ki zo da ƙarshen." Ebikeme, mai surutu? Mutumin da yake yini bai ce uffan ba! Na ce ƙarshen me? Ya ce shi ma abin da yake son ji ke nan, zai zo Asabar ya ɗauke ni.

Kin san ni da littattafan sarauniyoyin fashin teku. Na sha ganin kaina a goshin jirgi, takobi a hannu. Yau ga ta gaske ta aiko a kira ni. Na rasa kuka zan yi ko kitso. Na dai yi kitson.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Layefa

Akassa, ranar Litinin

Yaya Tokoni,

Ina gaishe ki da kowa na gida. Ya jikin Mama? Mun dawo, ni da Ebikeme, lafiya lau. Amma hankalina bai dawo ba.

Ranar Asabar mai ido ɗayan ya kai ni gaban Mama Doubra. Ba takobi, Yaya, ba alkyabba. Wata gajeriyar tsohuwa na tarar, ƙafafunta cikin ruwan ɗumi, tana ɓare jatan lande, bindiga jingine da turmi. Ebikeme na tsugune a gefe, muryarsa ta dishe.

Ashe ranar da aka kama su ya yi gardama, har za a jefa shi ruwa. Tsoro ya buɗe masa baki, ya ce ya san labarin wata irinta. Labarin da nake karanta masa ne bayan cin abinci, wanda yake ce wa shirmen mata. Ta ce a bar shi ya faɗa. Sai dai kullum barci yake kwashe shi kafin in kai ƙarshe, don haka da ya zo ƙarshen sai ya shiga kame-kame.

Ta ce mini, "'Yata, mijinki ko ƙarya bai iya ba. Ya aurar da matar nan har na gaji da biki. Faɗa mini yadda ta ƙare, ki tafi da abinki."

Yaya, a littafin rataye ta aka yi! Da wane bakin zan faɗa? Sai na ce ta tuba, ta sayi gonar ayaba, ta ga jikoki.

Ta tofar da ɓawo ta ce, "Au, duk gidan haka kuke? Ku mai da shi ɗaki."

Na ga an kama hannunsa, sai gaskiyar ta zubo. Na ce matuƙin jirginta, wanda ta fi yarda da shi, shi ya nuna wa sojoji hanya. Aka rataye ta a bakin kasuwa, mutane na cinikin kifi abinsu.

Ta daɗe tana kallon mai ido ɗayan nan. Sai a lokacin na gane shi ne matuƙinta. Ya yi dariyar yaƙe ya ce, "Haba Mama, ai tatsuniya ce." Ta ce, "Na ce ba ita ba ce?" Sannan ta cika mini kwano da jatan lande, ta ce kitsona ya yi kyau.

Wani ne dabam ya dawo da mu. Na tambaye shi ina mai ido ɗaya, bai ko waiwayo ba.

Ceton miji na je yi, na kuma cece shi. To me ya sa na kasa cin jatan landen? Ko mutumin yana da laifi, ko littafina ne ya ɗora masa, ban sani ba. Yanzu Ebikeme ne yake roƙona in karanta masa, ido biyu tar, ni kuwa na kasa buɗe shafi.

Idan za ki sake aiko mini da littafi, ki fara duba ƙarshensa.

Taki har kullum,
Layefa