Ni Ke Zubar da Man da Surukina Ya Zuba

Gwaggo, don girman Allah ki cece ni kafin ranar Asabar. Na ɗaure kaina da hannuna, na kuma rasa ta inda zan fara kwancewa.

Ni direban babbar mota ne, mai shan gas. Motar tawa ce, ita ce cinmu ita ce shanmu. Surukina, mahaifin matata, tsohon bakanike ne, shekara arba'in ya yi a ƙarƙashin motoci kafin gwiwa ta zaunar da shi. Duk gareji Baba ake ce masa. Ranar da na kawo motar gida ya zagaya ta sau biyu, ya bubbuga taya, ya ce daga yau juyen mai da duk wani abin inji nasa ne, ba zai zuba ido wani ya lalata wa 'yarsa hanyar abinci ba. Me zan ce? Na ce na gode.

Ba zan ci haƙƙinsa ba, kunnen Baba sai dai a sara masa. Daga ƙara yake gane ciwon inji. Amma hannunsa, Gwaggo, sai kin gani. In zai zaɓi baƙin mai ba ya duba lambar da ke jikin jarka, ya ce rubutu na masu talla ne. Ɗiga shi yake yi a yatsa, ya murza, ya shinshina, ya lumshe ido. In ya yi kauri ya ce wannan namiji ne. In bai kai ba, sai ya haɗa shi da ragowar jarkoki uku da ke bayan ƙofa har ya yi masa daidai. Filta kuwa a wurinsa ba ta mutuwa: ya cire, ya wanke da kananzir, ya shanya a kan katanga, ya mayar. Ta gas in ta toshe, ƙusa yake sawa ya huda ta, wai ta samu ta yi numfashi. Ruwan lagireto kuma da fentin mota yake zaɓa. Tawa koriya ce, don haka koren ruwa za ta sha. In babu, ruwan famfo da ɗan garin sabulu, wai ya wanke mata ciki.

Juyen farko na yi biyayya. Ban yi tafiyar awa biyu ba allurar zafi ta haye sama, salansa tana tiƙar hayaƙi, masu babur suna wucewa suna yi mini daƙuwa. Na lallaɓa wani gareji can bayan gari, wurin wani mai tabarau da ke aiki da littafin mota. Ya leƙa inji, ya dube ni, ya tambaye ni wa na yi wa laifi. Ya zubar da komai, ya sa abin da littafi ya ce.

To tun ranar, shekara uku ke nan, haka nake fama. Baba ya yi juyensa da safe, in yi godiya, in ja mota a hankali zuwa wurin mai tabarau a zubar. Tsofaffin filtocin Baba a buhu nake ajiye su ƙarƙashin kujera. In lokacin juye ya zo in mayar da su, har ƙura nake shafa musu don ya samu abin wankewa. Matata ba ta sani ba. Ita dai kullum gori take yi mini, wai na auri 'yar mai sana'a na huta.

Abin da ya jawo mini bala'i shi ne motar ta yi lafiya fiye da kima. Ko tari ba ta yi. Yanzu Baba a bakin gareji yake yini, duk wanda ya gifta sai ya nuna masa ita, ya sa ni in tayar a ji ƙarar inji, ya ce ga shaida nan, masu littafi su zo su yi bayani. Ni kuma in tsaya ina gyaɗa kai kamar ƙadangare. Rannan da bakina na ce hannun Baba daban ne.

Shi ne abokina Dogo ya ji ya gani. Shekara goma sha biyu yana tuƙa motar wasu, watan jiya Allah ya ba shi tasa, ja, ko ledar kujera bai cire ba. Ya ce ba mai taɓa masa ita sai Baba, an sa Asabar. Baba har ya aika an nemo jan ruwa, ya wasa ƙusa, ya ce sabuwar filta ma gara a huda ta tun da wuri. Wasu direbobi huɗu sun ce in ta Dogo ta yi kyau su ma suna layi.

Gwaggo, in na yi shiru injin Dogo zai buga, kuma ni na kashe shi. In na yi magana na tsiraita tsoho a garejin da shi kaɗai ya rage masa, ban kuma san da wane ido zan dubi matata ba. Wallahi ina ƙaunar mutumin nan. Har na yi tunanin in riƙa sace motar Dogo ina kai wa mai tabarau, sai na tuna da sauran huɗun. Ina zan sa kaina?

Naki,
Surukin da Kunya Ta Ci

Ɗana,

Na yi dariya har da share hawaye, daga baya na ji tausayinku ku ukun, kai da Baba da Dogo.

Bari in fara da inji, tunda shi ba ya jin kunyar kowa. A gidan direba na tashi, na kuma sake tambayar masu sana'ar kafin in amsa maka. Mai tabarau ne da gaskiya. Baƙin mai na injin gas ake saya, mai lambar kaurin da littafin motar ya rubuta. Wanda ya cika kauri yana jinkirin isa inda ake bukatarsa in an tayar da mota. Filtar takarda canza ta ake yi da mai lamba irin tata, wadda aka huda kuwa ta zama ƙofa. Ruwan lagireto irinsa ake dubawa, launi ba hujja ba ne, ba a kuma gauraya iri biyu. Ruwan famfo tsatsa yake bari, sabulu kuma kumfa.

Amma kada ka ɗauka na wanke ka. Baba ya koyi aikinsa a kan injinan zamanin da, masu yafiya, da shi ya ciyar da iyali har ya raini wadda ka aura. Zamani ne ya wuce shi bai yi masa sallama ba. Kai fa? Ka kira abin da kake yi kunya, ni tsoro na gani. Shekara uku kana shafa wa filta ƙura don dattijo ya samu abin wasa, ka bar shi yana alfahari a bainar jama'a da aikin wani. Haba ɗana, ina girmamawar a nan?

Ka kuma yi tunani. Mutumin da ya shekara arba'in yana murza mai a yatsa, anya bai taɓa jin cewa wanda yake juyewa daga motarka ba shi ya zuba ba? Mai yiwuwa ya sani, yabo ne ya yi masa yawa ya rasa hanyar sauka. Mai yiwuwa shi ma Asabar ɗin nan ta hana shi sukuni.

Yau ka gaya wa matarka, ta yi faɗanta ta gama, don ta fi ka sanin lokacin da ake shawo kan mahaifinta. Gobe ka same shi shi kaɗai, nesa da gareji, ka tafi da buhun nan da littafin motar. Ka fara da laifinka, ka nemi gafara, kada ka ce za ka koya masa aiki. Sannan ka roƙe shi ya raka Dogo wurin mai tabarau da kansa, ya tsaya a matsayin babba, a tayar da mota ya saurara. Abin da zai faɗa wa 'yan gareji kuma ka bar masa, ya fi ka iya baki.

In ya ƙi, ka gaya wa Dogo gaskiya kafin Asabar, ko da Baba zai yi wata guda bai amsa gaisuwarka ba. Fushin suruki yana hucewa. Injin da ya buga sai dai a sauke shi, kuma shekara goma sha biyun bawan Allah ce a ciki.

Allah ya ba ka bakin magana, ya sanyaya zuciyar Baba, ya kuma nuna wa motar Dogo ranar Lahadi da ranta.

Gwaggonku